Daga Anini Zuwa Kwandala: Abubuwan Mamaki a Gwangwanin Kaka

Da wuya ka shiga tsohon gida a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa a rasa wani gwangwani a ƙasan adaka da aka tara silalla a cikinsa: kwabo mai huji, sisi da ya yi baƙi, kwandalar da jikoki ke wasan ’yar kasuwa da ita. Duk wanda ya zazzage shi, tambayarsa ɗaya ce: nawa za a saya? Tsabar kuɗi kuwa farashi uku gare ta, wato abin da aka rubuta a jikinta, da kuɗin ƙarfen da aka yi ta da shi, da abin da mai sha’awar tara tsofaffin kuɗi zai iya biya. Tsufa kaɗai ba ya ɗaga ko ɗaya daga cikinsu. Ga abin da ya kamata a duba.

Kuɗin da doka ta sani, kasuwa ta manta

Har gobe akwai tsaba uku da ke matsayin halastaccen kuɗi a Najeriya: kobo 50, naira 1 da naira 2. Babban Bankin Najeriya ya fito da su ranar 28 ga Fabrairu, 2007, zamanin Charles Soludo, amma in ka juya su 2006 za ka gani. Ke nan shekarar da ke jikin tsaba ba lallai ita ce shekarar da ta shiga hannun jama’a ba. Gane su babu wuya. Kobo 50 fara ce fat, da hoton masara. Naira 1 tsakiyarta ruwan ɗorawa, zagayenta fari. Naira 2 kuma tsakiyarta fara, zagayenta ja, da hoton ginin Majalisar Tarayya.

Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce wanda ya ƙi karɓar naira ya yi laifi, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. To, kai dai gwada miƙa wa mai shayi a Kwanar Ɗangora ’yan naira bibbiyu ka ji amsar da zai ba ka. Kuma ba za a ga laifinsa ba: cinikin naira dubu ɗaya sai an ƙirga guda 500, in kuwa da kobo 50 ne, guda 2,000. A 2022 Majalisar Wakilai ta nemi Babban Banki ya farfaɗo da amfani da silalla, majalisar da hoton gininta ke kan tsabar da kowa ya ƙi. Masarar da ke kan kobo 50 ita ce dai manoman Doguwa da Tudun Wada ke lodawa a tirela, alhali tsabar ba ta sayen ko da rabin zangarniya.

Mai gashin bakin nan

Mutumin da ke kan naira 1, na 1991 da na 2006 duka, shi ne Herbert Macaulay, jikan Bishop Samuel Ajayi Crowther. A Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946, yana zagayen siyasa na NCNC, aka mayar da shi Legas ya rasu. Kafin a mayar da shi kan ƙarfe, a takardar naira ɗaya yake.

Gwajin mayen ƙarfe

Na’urar farko ta gane tsaba tana cikin tsohuwar lasifikar rediyo. Ɓalle mayen ƙarfen da ke bayanta, ka bi silallan da shi. Na 1991 da na 2006 za su yi tsalle su manne, domin baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe. Na 1973 ba sa mannewa, jan ƙarfe ne aka gauraya da wasu. Azurfa ma ba ta mannewa. A nan mutane ke ruɗuwa: mannewa hujja ce cewa ba azurfa ba ce, amma rashin mannewa bai tabbatar da komai ba. Fararen silallan 1973, kobo 5 da 10 da 25, duk sheƙinsu babu ɗigon azurfa a ciki.

Dalar gyaɗa a kan kobo 25

Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kobo goma. Kowace tsaba aka ɗora mata arzikin wani yanki: rabin kobo auduga, kobo ɗaya rijiyoyin mai, kobo 5 koko, kobo 10 kwakwar manja, kobo 25 kuwa, wadda ita ce babbarsu, gyaɗa da dalar buhuna. Dubi yadda aka jera su. Man fetur aka ba kwabo ɗaya, gyaɗa aka ba 25. Shekarun da suka biyo baya sai suka juya lissafin gaba ɗaya. Farin 1973 ya daki noman gyaɗa, cutar da ta auka wa gonaki a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar da kan ci buhu har 15,000 ta ɓace daga filayen Kano, ta saura a jikin tsaba.

Mutumin Bebeji ya fi kowa haƙƙin riƙe wannan kobo 25, domin wanda ake jingina wa dalar gyaɗa ɗan garinsu ne. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Ya yi fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja da Kumasi, sannan daga 1918 ya shiga sayen gyaɗa wa kamfanin Neja. Ana cewa raƙumi ashirin aka labta wa silallan azurfa aka kai ajiyarsa bankin Turawa a Kano. Ka ƙaddara wahalar ma’aikatan da suka zauna ƙirgar. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, kuma Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Duk da wannan tarihi, kobo 25 ba ta da tsada wajen masu tara kuɗi. An buga ta da yawan gaske, kuma da yawa sun tsira.

In shekara ta goge

Duba rubutun da ke ƙarƙashin dawakan tambarin ƙasa. Silallan farko taken ƙasa gajere ne a jikinsu, haɗin kai da imani kawai. Daga baya aka ƙara zaman lafiya da ci gaba, don haka tsabar da takenta ya yi tsawo ƙanwa ce, ta ƙarshen shekarun 1980 ce ko bayansu.

Kuzar Riruwai

Tun kafin Bature ya iso, mutanen Riruwai ta ƙasar Doguwa suna haƙar kuza, su narka ta, su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai wa maƙera a birane. Ita wannan kuza tana cikin gamin da ake yin jan kwabo da shi, ɗan kaɗan ake sakawa a jan ƙarfe don ya yi tauri. Haka sulen Turawa na bayan 1920. A wancan zamani kuzar Arewa a jirgi ake kai ta Ingila, a Ingilar ake buga kuɗin, a sake loda shi a jirgi a kawo mana mu biya haraji da shi.

Anini ya riga duniya

Anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, shi ake misali da shi in ana nufin abin da bai kai komai ba. Amma aninin farko da aka buga wa Najeriya a 1907 yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da goran ruwa, ƙarfen da ake tukwane da shi yanzu. Bai jure gumi da danshi ba, yana saurin cinyewa, sai aka canza masa ƙarfe a 1908. Saboda haka wanda ya sami anini marar nauyi sakayau, mai 1907 a jiki, wanda bai zagwanye ba, ya sami abin ajiyewa. A jikinsa har da rubutun Larabci da ke faɗin darajarsa, domin Turawa sun san a Arewa masu karanta wannan rubutu sun fi masu karanta nasu yawa nesa ba kusa ba. Hujin tsakiya kuwa don a zura a igiya ne, ga mutanen da suka saba da wuri.

Tauraron da ke jawo gardama

Tauraro mai tsini shida da ke kan anini, ɗari (rabin kwabo) da kwabo yakan sa matasa a Facebook su ce ga shaidar hannun Yahudawa a kuɗinmu. Malaman zaure sun san shi tun da daɗewa da sunan hatimin Annabi Sulaimanu. Gwamna Lugga da kansa ya bayyana cewa a murfin wata butar tagulla ya gan shi, wadda sojojinsa suka kwaso bayan sun ci Sarkin Sudan na Kwantagora da yaƙi. Shi ne kuma ya zauna a tutar Najeriya ta mulkin mallaka daga 1914. Har kwabon 1959, na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar, yana ɗauke da shi.

Sarkin da bai cika shekara ba

Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba don ya auri Wallis Simpson, bazawara ’yar Amurka. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma a nan an saki anini da ɗari da kwabo masu sunansa, saboda kuɗi mai huji ba ya buƙatar hoton fuska, rubutu kawai ake canzawa. Labari ne mai daɗi, shi ya sa masu sayar da kayan tarihi ke tsuga masa kuɗi. Gaskiyar ita ce miliyoyi aka buga, kuma da labarin murabus ya bazu mutane suka yi ta ɓoyewa, har ya zama sababbinsa fil ma ba su da wuyar samu.

Kuskure ya fi daidai tsada

George na Shida ya mutu a 1952, ’yarsa Elizabeth ta gaje shi. Amma akwai kwabon Afirka ta Yamma mai shekarar 1956 da sunan George a ɗaya fuskar. A ma’aikata ne aka haɗa tsohon hatimi da sabo. Irin wannan kuskure shi masu tara kuɗi ke farauta, kuma ya fi lafiyayyun ’yan’uwansa kuɗi sau da yawa. Don haka a riƙa karanta fuska biyu, a ga ko sunan sarki ya dace da shekara.

A kuma nemi ɗan ƙaramin harafi da sai an ƙura ido ake gani. H na nufin ma’aikatar Heaton ta Birmingham, KN na nufin ta King’s Norton. Kwabo biyu masu shekara ɗaya kan bambanta a farashi saboda wannan harafi kaɗai, in wata ma’aikatar kaɗan ta buga.

Sule biyu, ba ɗaya ba

Sule mai hoton bishiyar kwakwa na Afirka ta Yamma, daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce ta gaske, kashi 925 cikin 1,000, nauyinsa giram biyar da rabi da ’yan kai. Fataka ninkinsa ce. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka rage ta, sannan aka cire ta ɗungurungum aka koma gamin tagulla mai ruwan ɗorawa. Wannan canji ya buɗe wa masu buga jabu ƙofa, har a 1938 aka fara yi wa gefen sule wani kwari don a bambanta shi da na ƙarya. Ke nan in gwangwanin ya ƙunshi sule goma, fara ware masu shekarar da ta gaza 1920. Su ne maƙerin fari zai ɗora a sikeli. Silallan 1959 kuwa, taro mai kusurwa goma sha biyu da auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwa, fataka da gyaɗa, ba su da azurfa ko kaɗan, duk kyan hoton Sarauniya.

Liyari: shekara ɗaya tak

Babbar tsabar azurfar nan mai hoton wata mace mai jiki a gaba, da tsuntsu mai kai biyu a baya, wadda matan Fulani ke ratayawa kuma maƙera ke narkawa su yi mundaye da zobba, hoton Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya. Kusan duk wadda za ka gani 1780 ce a jikinta. Wannan shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da ’yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan suka ƙi yarda da kowace iri sai ita, aka ci gaba da buga ta da wannan shekara. An buga a Biyana, an buga a Landan da Paris da Rum da Bombay, miliyoyi ɗaruruwa, kuma har yau Ostiriya tana bugawa. Saboda haka mai cewa tasa ta shekara ɗari biyu da arba’in don ya ga 1780, mai yiwuwa kakarsa ta girme ta. Darajarta tana cikin nauyinta: giram 28, kashi 833 cikin 1,000 azurfa. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ana canzar da guda a kan wuri 2,500. Wurin kuwa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, sai a 1904 Turawa suka hana shigo da shi Arewa.

Toka da tsamiya

Abin da muka fi yi da zarar mun ga tsohuwar tsaba shi ne mu dirje ta da toka ko tsamiya ko lemon tsami har ta yi walƙiya. A idon mai tara kuɗi an kashe ta ke nan. Shi wannan duhun da shekaru suka shafa mata yake so, kuma da madubin ƙara girma yana ganin kowane ƙarce. Tsaba biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda rubutunta ke tsaye raɗau za ta iya ninka wadda ta siɗe sau goma ko fiye. A bar ta yadda aka same ta, a naɗe a takarda, a nisanta ta da danshi.

Masu neman “sinadari”

Lokaci-lokaci sai jita-jita ta taso cewa wasu baƙi na sayen kwabo mai huji, ko tsohon dutsen guga na gawayi, ko keken ɗinki, a kan miliyoyi, wai akwai wani jan sinadari a ciki. Babu shi. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ruɗa ba: a 2009 a Saudiyya sai da tsofaffin kekunan Singer suka yi tashin gwauron zabi kan irin wannan magana. Salon damfarar kusan guda ne. Wani ya zo yana cigiya da farashi mai sa jiri, kwana kaɗan wani ya ɓullo da kayan a hannu yana neman rabin wancan farashi, kai kuma ka sayar da akuya ka saya, daga nan wayar mai cigiyar ta daina shiga. Wani lokaci kuma kuɗin “gwaji” za a ce ka biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na waje

Tsallaka Maraɗi ka ga inda tsaba ke da rai: da ita ake sayen ƙosai da ruwa, kuma ta sefa 500 ta haura kashi uku cikin huɗu na yuro ɗaya. Alamar da ke jikin silallan sefa, mai kama da kifi mai zarto, siffar ma’aunin zinariya ce ta mutanen Akan. Alhazai kuma kan dawo da riyal 1 mai hoton Sarki Salman da riyal 2 mai hoton Sarki Abdul’aziz, na jerin 2016, sai dai ’yan canjin Wapa takarda suka fi so. Wanda ke ajiye da tsohon fam ɗaya na Ingila mai zagaye, ya sani tun Oktoban 2017 shaguna suka daina karɓarsa.

Ingilar ce ma ke da misalin da ya fi fito da maganar fili. Akwai wata tsabar fens 50 ta 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew. Guda 210,000 kacal aka saki, shi ya sa ake sayenta da ninkin darajarta fiye da sau ɗari, alhali kwabon da ya girme ta da shekara saba’in yana zube a tire a Kasuwar Kurmi.

Saura kaɗan Tafawa Ɓalewa ya koma ƙarfe

A 2012 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya kawo shirin mayar da naira 5 mai hoton Tafawa Ɓalewa da 10 da 20 tsaba, tare da fito da takardar naira 5,000. Jama’a suka yi ca, Shugaba Jonathan ya dakatar da shirin. Ƙasashe masu arziki ma ƙananan silalla sun zame musu kaya: Kanada ta daina buga santi ɗaya a 2012, Amurka kuwa a 2024 tana kashe fiye da santi uku kafin ta buga santi ɗaya.

Goshi da cibiya

Liƙi a wajen biki da tsaba ya dace, ita ce ke zama a goshin da ya jiƙe da gumi. Sai dai dokar 2007 ta haramta watsa kuɗi da tattaka shi a wajen biki, na takarda da na ƙarfe. Ɗaura wa jariri kwabo a cibiya don ta koma kuwa, likitoci sun ce ba ya ƙara komai sai haɗarin ƙwayoyin cuta. Yawancin irin wannan cibiya da kanta take komawa kafin yaro ya isa shiga makaranta, kwabon ya sha yabo a banza.

In za a sayar

Ga azurfa, wato liyari da sule da fataka na kafin 1920, a fara aunawa a sikelin masu gwal kafin a buɗe baki a yi ciniki, a kuma tambayi kuɗin giram na ranar a wuri fiye da ɗaya. Wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ratayawa ta fita daga sahun masu tara kuɗi, amma nauyin azurfarta yana nan, sai dai a cire na dalmar da aka yi liƙin da ita. Sauran jan kwabo da fararen silallan 1973 da suka siɗe, ’yan gwangwan a kilo suke saye, kuma kwabo ɗari ba ya cika kilo guda.